Fasassun Tukwane a Gidan Tarauni

Sau biyu Safara'u tana kai maganar Ɗayyabu gaban mahaifinta, sau biyun kuma amsa ɗaya ta samu.

"Mai fulawa?" in ji Alhaji Maje. "Duk samarin Kano ki rasa wanda za ki kawo mini sai mai sayar da ganye a bakin titi? Kada in ƙara jin zancen nan."

Bai taɓa ganin yaron ba, bai kuma nemi ya gan shi ba. Sunan sana'ar kawai ya ji, ya ishe shi.

Shi kuwa Ɗayyabu ba abin yarwa ba ne. Ya yi difloma a aikin gona, da ya gaji da yawon ofis-ofis sai ya kama wani ɗan fili a bakin titi, nan Gyadi-Gyadi, ya jera tukwanen shuka yana reno yana sayarwa. Ta nan Safara'u take wucewa in ta taso daga aikin jinya a asibitin koyarwa. Shekararsu biyu ke nan suna son juna, so irin wanda ba ya barin mutum ya ci abinci da daɗi.

Wanda Alhaji yake so shi ne Al-Amin, ɗan ubangidansa na siyasa. Alhaji ba ya yi wa 'ya'yansa dole, wannan kam a shaide shi, amma ya iya yabon mutum a gabanka har ka gane inda aka dosa.

Shekarar ce soja suka yarda za su koma bariki. Alhaji ya tsaya takara, ya ci kujerar majalisar jiha, ya kuma yi rantsuwa ba zai karɓi 'yan taya murna a tsohon gidansu na Gyadi-Gyadi ba, sai a sabon da ya gina a Tarauni. Gida ya yi kyau, farfajiyar ce ta ƙi. Sau biyu ana dasa ciyawa tana ƙonewa, don famfon unguwar sai ya yi sati bai ɗiga ba. Ga Alhaji kullum yana taro, yau nan gobe can. Sai ya miƙa wa Safara'u mukulli.

"Ke ce mai ido a gidan nan. Ki nemi masu aikin, kafin ranar walima ina son in ga wurin ya zama na mutane."

A ranar dabara ta faɗo mata.

Akwai wata mujalla da wata likita ta zo da ita daga ƙasar waje, cike da hotunan gidajen ƙasashen hamada, inda ba a wahalar ciyawa. Tsakuwa ce, da duwatsu, da shukokin da ba su damu da ruwa ba. Safara'u ta aro ta, ta kai wa Ɗayyabu.

"Kai za ka yi aikin nan," ta ce. "Abba ba zai san kai ne ba. Zan ce wani kamfani na samo. Ranar walima, in baƙi suka gama yabawa, in ya tambayi wanda ya yi, sai ka fito. A gaban mutane ba zai iya cewa mai ganye ba."

Ɗayyabu ya daɗe yana kallon hotunan.

"Ban so mu fara da ɓoye-ɓoye ba, Safara'u."

"To kana da wata hanyar?"

Ba shi da ita.

Sati uku ya yi a gidan. Ya shimfiɗa farar tsakuwa, ya zana mata hanya da jan dutse daga bakin get har ƙofar falo. Ya dasa kariya mai jan fure a kusurwoyi, ya jera shukokin ƙerana da na zabuwa jikin katanga, ya sa 'yan dabino biyu suna kallon juna. Wani tsohon turmi da ya tsage ma ya samo, ya goge shi ya cika da ƙasa, ya dasa abu a ciki. Duk wanda ya leƙo sai ya tsaya. Kullum in Safara'u ta tashi daga aiki sai ta hau acaɓa ta zo, ta zauna a kan bulo tana kallonsa yana aiki, a gida kuwa ana zaton tana asibiti.

Saura kwana uku walima ta buɗe masa shafin tsakiya.

"Wannan ne ya rage. A tsakiyar farfajiya nake son shi."

Hoton tudun yashi ne guda uku, dogaye, kamar iska ce ta tara su. A jikin kowanne an kwantar da ɓarin tukunya, ga wata 'yar shuka a tsaye daga kai.

"Shukar ma ai aguwa ce," ta ce. "Ba sai mun wahala ba."

Ɗayyabu ya goge hannunsa a jikin wando, ya karɓi mujallar, ya mayar mata.

"Wannan ɗayan dai mu bar shi."

"Saboda me?"

"Ba zai yi wa mutanenmu daɗin gani ba. Tudun ƙasa dogo, ga fasasshiyar tukunya, ga aguwa a ka. Ke ba ki taɓa shiga maƙabarta ba, Safara'u."

Ina za ta shiga? Mace ce. In an yi rasuwa, iyakarta tsakar gida. Maza su ɗauki gawa su fita, su dawo da ƙura a ƙafa, ba wanda yake zama ya ba mata labarin yadda wurin yake. Ta ga mutuwa a gadon asibiti ba adadi, amma ba ta taɓa ganin inda ake kai su ba. Don haka dariya ta yi.

"Maƙabarta kuma? Turawa da Larabawa sun yi abu sun buga a mujalla, kai kana zancen maƙabarta?"

"Su ba da tukwane suke rufe nasu ba. Mu da su muke rufewa. Ki bari aƙalla in zagaye tudun, in yi shi kamar faifai, in bar tukwanen da ransu."

"Yadda yake a hoto nake so."

"Safara'u..."

"Ka ga irin abin da yake sa Abba yake cewa mai ganye ke nan. An nuna maka abin zamani, ƙauyanci ya hana ka gani."

Maganar ta fita kafin ta tauna ta. Ɗayyabu ya dube ta sau ɗaya, ya juya ya ɗauki shebur. Namiji in macen da yake so ta kira shi baƙauye, ko rijiya ta nuna masa sai ya faɗa don kada ta ƙara faɗi. Kafin la'asar ya tara tudu uku, sun kwanta kudu da arewa yadda tsawon farfajiyar ya ba da. Da hannunsa ya raba tukwanen gida biyu.

Ranar walima Safara'u ta riga kowa zuwa. Ta ga yashin ya bushe yana tashi, sai ta ɗebo ruwa a bokiti ta yayyafa wa tudun nan uku, ta shafe su da tafin hannu suka yi sumul. Ta ja da baya tana kallo, daɗi kamar ya kashe ta.

Mata suka cika saman bene. Ita ta kama taga ta tsaya. Can jikin ɗakin maigadi ta hango Ɗayyabu cikin farar shadda sabuwa dal, har da hula zanna, yana ta gyara hannun riga. Ya ɗago suka haɗa ido, ta yi masa murmushi.

Bayan azahar motoci suka iso. Aka buɗe get, Alhaji ya shigo a gaba, babbar riga tana jan ƙasa, jama'a a bayansa ana ta sowa. A gefensa akwai yayansa, Baffa Audu, tsohon da duk Gyadi-Gyadi ba a rufe gawa sai an jira shi. Shekara arba'in yana shiga kabari yana karɓar mamaci.

Da farko abin ya tafi yadda ta tsara.

"Kai! Alhaji, wannan ai Makka ka kawo mana!"

"Dubi tsakuwa, don Allah!"

Alhaji yana ta murmushi yana gyaɗa kai. Safara'u ta dafe ƙirji.

Sai Baffa Audu ya tsaya cak.

Ya daɗe yana kallon tsakiyar farfajiyar. Waɗanda suke kusa da shi suka bi inda yake kallo, suka yi shiru, shirun ya dinga bin mutane har ya kai bakin get.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji tsohon. "Maje, su wa ka rufe a nan?"

"Yaya, ado ne..."

"Ado? Kudu da arewa, ga tukwane, ga aguwa, har an yayyafa ruwa bai bushe ba? Ni za ka gaya wa ado? Sabbin kaburbura uku ne a ƙofar ɗakinka, ranar da ka shiga gida!"

Wani daga baya ya ce, "Aikin 'yan adawa ne wannan." Wani ya ce a tona, ba za a rasa abin da aka binne ba. Wasu dattawa biyu suka juya suka fita ba sallama. Fuskar Alhaji ta koma kamar ba shi ne yake dariya ɗazu ba.

"Wa ya yi aikin nan?"

Tambayar da Safara'u ta yi sati uku tana jira ke nan. Ta so ta ɗaga hannu ta ce wa Ɗayyabu ya gudu, hannun ya ƙi ɗaguwa. Shi kuwa ya tako a hankali ta kan hanyar jan dutsen da ya shimfiɗa, ya durƙusa.

"Ni ne, Alhaji."

Al-Amin ya matso, ya leƙa fuskarsa, ya tafa hannu.

"Ikon Allah! Alhaji, ka san ko wane ne wannan? Ai shi ne mai fulawar nan na bakin titi, wanda ka hana Safara'u. Ka hana shi 'ya, shi kuma ya zo ya haƙa maka kabari. Uku ma: kai, da Hajiya, da wa?"

Wuri ya ruɗe. Wani ƙato cikin magoya baya ya cakumi wuyan farar shaddar, hular ta faɗi a tsakuwa. Alhaji ya ɗaga hannu aka tsaya.

"A kira mini Safara'u."

Ba ta san yadda ta sauko daga benen ba. Ta dai ga kanta a ƙofar falo, mayafi a ka, idon maza sama da ɗari a kanta. Ba ta taɓa tsayawa gaban taro irin wannan ba.

"Ke na ba mukulli," in ji Alhaji. "Kin ce mini kamfani. Kin san wannan yaron ne yake aikin?"

Amsar tana bakinta. Ni na kawo shi, Abba. Ni na zaɓi hoton. Ya hana ni na ƙi. Amma in ta faɗi haka, sai ta faɗi ƙaryar kamfani, sai ta faɗi sati ukun da ta yi tana zuwa gidan da ba kowa ita da saurayi, a gaban Baffa, a gaban Al-Amin, a gaban duk wanda zai kai labarin gidansa kafin magariba. Ta dubi ƙasa.

"Ban sani ba, Abba."

"Ba ki san shi ne ba?"

"Ban sani ba. Ni mukulli kawai na bayar."

Ɗayyabu ya ɗago kai. Ba harara ya yi mata ba, da ma hararar ce da ta fi sauƙi. Kallonta kawai ya yi, kamar mai son ya tabbatar ita ce. Sannan ya mayar da kansa ƙasa.

"Gaskiya ta faɗa, Alhaji. Ba ta sani ba. Ni na ga abin a hoto na kwaikwaya, ban yi tunani ba. Ba abin da na binne. A gafarce ni."

"Da ba don yau ranar farin ciki ba ce, da a hannun 'yan sanda za ka kwana," in ji Alhaji. "Kafin rana ta faɗi ka kwashe mini komai. Komai! Ko tsakuwa ɗaya kada in gani. Kuma in na ƙara jin ko sunan 'yata a bakinka, za ka san wanda ka taɓa."

Aka mayar da cin abinci gidan maƙwabci. Mata suna ta salati suna tsine wa mai fulawa, wata har tana rungume Safara'u tana cewa Allah ne ya tsare ta da auren mugu. Ita dai ta koma tagar. Tana kallo ya naɗe hannun farar shaddar, ya baje tudun ɗaya bayan ɗaya a gaban mutum biyu da aka bari su ga ko akwai laya. Ba a sami komai ba sai yashi. Ya tumɓuke kariyar da furenta, ya ciro dabinon, ya dinga cika baro da tsakuwa yana turawa waje. Har ya gama bai ƙara ɗaga kai ya dubi benen ba.

Kwana biyu ba ta je aiki ba. Ta ce zazzaɓi ne, Hajiya mahaifiyarta ta yarda, don jikin da zafi. Ba zazzaɓi ba ne, kunya ce. In ta rufe ido sai ta ji muryarta tana cewa ban sani ba, siririya, ba ko gargada. Abin da ya fi ci mata rai ke nan, yadda ƙaryar ta fito mata a sauƙaƙe. Ko madubi ta daina kallo.

Rana ta uku da hantsi ta saka mayafi ta fita.

Ta sami Ɗayyabu a filinsa na bakin titi, a tsugune yana mayar da kariyar cikin tukwane. Rabinsu sun yi yaushi. A gefe ga tarin farar tsakuwa ta haɗe da ƙasa. Ta yi sallama, ya amsa bai ɗago ba.

"Ɗayyabu."

"Bai kamata a gan ki a nan ba. Kin ji abin da Alhaji ya ce."

Sai kuka ya ƙwace mata, a nan bakin titi, motoci suna wucewa.

"Ka zage ni mana! Ka ce mini maƙaryaciya, ka ce mini matsoraciya. Don Allah ka ce wani abu, shirun nan kashe ni zai yi."

"Me zan ce? Tsoro kika ji. Kowa yana jin tsoro."

"Kai ba ka ji ba."

"Na ji. Sosai ma na ji."

"To me ya sa ka rufa mini asiri? Me ya sa ba ka ce ni ce ba?"

Ya danna ƙasa a gindin shukar da babban yatsa, ya daɗe yana dannawa.

"Ni namiji ne, Safara'u. In an ce na yi abin kunya, shekara biyu an manta. Ke in aka ce kina zuwa kango wurin saurayi, har jikokinki sai an gaya musu. Kuma laifin ai da nawa. Na san abin da nake tarawa. Tun ina ɗan shekara goma sha biyar nake bin gawa. Hannuna yana yi, zuciyata tana cewa bari, na ƙi bari don kada ki ƙara ce mini baƙauye."

"Ka yafe mini wannan kalmar."

"Na yafe tun a ranar."

"Ɗayar fa, ta gaban Abba?"

Ya jawo wata tukunyar.

"Jiya mutum biyu suka aiko a fasa aikin da zan yi musu," ya ce. "A masallacin unguwarmu, da na shiga sahu, wanda yake gefena ya matsa. Mahaifiyata ta tambaye ni ko da gaske na yi wa mutum asiri. Duk wannan zan iya ɗauka. Amma in na kwanta, ba muryar Alhaji nake ji ba, ba ta Al-Amin ba. Taki nake ji."

Ta durƙushe a gabansa, mayafinta yana shan ruwan da ya kwarara daga tukwane.

"Zan gaya wa Abba. Yau ɗin nan."

"Kada ki yi."

"Sai na faɗa."

"In kin faɗa, kin kunyata shi sau biyu. Ki bar shi a yadda yake. Ki auri wanda yake so, ki zauna lafiya."

"Kana nufin ka daina sona?"

Sai a lokacin ya dube ta. Idonsa ya yi ja.

"Da na daina ai da na huta. Tashi ki tafi, Safara'u, mutane suna kallo."

Bayan la'asar ta sami Alhaji a falonsa na tsohon gida, don tun ranar bai ƙara taka na Tarauni ba. Baffa Audu yana nan, suna maganar malaman da za a kira su yi sauka a sabon gidan kafin a tare. Ta so ta jira Baffa ya tafi. Ta san in ta jira ba za ta ƙara samun ƙarfin ba. Ta durƙusa a bakin kafet, ta ajiye mujallar a buɗe a gabansu.

"Abba, ƙarya na yi maka."

Ta faɗi komai. Ba ta rage ba, ba ta gyara ba. Kamfanin da babu shi, da acaɓar da take hawa zuwa Tarauni, da bulon da take zama a kai. Ta faɗi yadda ya roƙe ta a bar tudun, da abin da ta kira shi. Ta faɗi cewa ruwan ma ita ta yayyafa. Tana yi tana shessheƙa, wani wurin sai ta maimaita kafin a ji.

Baffa ya ɗauki mujallar, ya kai ta kusa da ido, ya daɗe.

"Allah Sarki," ya ce. "Yarinya ba ta taɓa gani ba, ina za ta sani? Maje, mun ɗauki alhakin yaron nan. Ni na fara."

Alhaji bai dubi hoton ba. Ita yake kallo.

"Ya ce miki kada a yi?"

"Ya ce, Abba."

"Kuma yana durƙushe, an shaƙe masa wuya, ya ji kin ce ba ki sani ba, ya ce gaskiya kika faɗa?"

Ta gyaɗa kai, hawaye yana ɗiga a kafet.

Alhaji ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Ya shafa kansa.

"Yaya, gobe in Allah ya kai mu ka raka ni wurinsa. A masallacin unguwarsu nake son in same shi, bayan azahar, lokacin da mutane suke nan. A gaban jama'a na ci masa mutunci, a gaban jama'a zan ba shi haƙuri. Zan ce bincike ya nuna ba shi da laifi. Sunanta ba zai fito ba, tunda shi ma bai fito da shi ba."

"Ka yi daidai," in ji Baffa. "To tunda haka ne, sai a ce masa ya turo manyansa. Irin wannan yaron ba a barin sa ya wuce."

Safara'u ta ɗago kai a karo na farko tun shigowarta. Abin da ta yi shekara biyu tana roƙo ke nan, ga shi Baffa ya faɗe shi da bakinsa.

Alhaji ya girgiza kai a hankali.

"A'a, Yaya."

"Don me kuma? Har yanzu sana'ar ce?"

"Ba sana'a ba ce. Wallahi da ina da wata 'yar da ta isa aure, da gobe zan ba shi, in yi masa komai." Ya mayar da hularsa kai. "Amma da wane ido zan dubi mutumin da ya yi mana wannan, in ce ga tukuicinka, in miƙa masa wadda ta tsaya a gabana ta ce ba ta sani ba? In ya karɓa don kunyata, na cuce shi sau biyu. Ni ba zan iya ba. Kunya nake ji."

"Abba..." ta ce.

"Tashi ki shiga ciki, Safara'u."

Ta yunƙura ta tashi. Ta shige ciki.